Oba, Daga Tsakiyar Ruwa

Shekara talatin ina riƙe da hannun inji
tsakanin Yelwa da gungunan da ke bayanta.
Na san inda kututture ke kwana a ƙasa,
na san inda sabis ɗin waya ke mutuwa:
da ka wuce tsamiyar Zamare, shi ke nan,
daga kai sai Allahnka sai ruwa.

Muna da oba-oba huɗu na ƙungiya,
baƙaƙe, an ɗaure bayansu da robar taya.
Muryarsu ba ta wuce gungu biyu.
In ka yi nisa sai shuuu,
kamar an zuba albasa a tafasasshen mai,
ka yi ta kira, iska na amsawa.

Haka Jatau ya tafi, ƙanena.
An tsinci tasa rataye a wuyansa, a kunne,
batirin bai ko yi rabi ba.
Ban gaya wa innarmu wannan ba har ta bi shi.
Akwai maganar da ba ta faɗuwa.

Sai ga Tsahara 'yar Gado mai ɗinkin koma
ta dawo daga karatu a Birnin Kebbi
da wani akwati, bai fi bulo ɗaya ba.
Ta hau tankin ruwan asibiti,
muna ƙasa muna salati,
ta kafa eriya, ta kwantar da faifan sola.
Ta ce akwatin kunne biyu gare shi,
ɗaya na jin oba-oba, ɗaya na jin intanet,
abin da wannan ya ji, wancan ke kaiwa.

Na ce, 'yar nan, yi mini Hausa.
Ta ce, Baba Arzika, muryarka shinkafa ce.
Akwatin zai sussuke ta ƙwaya-ƙwaya,
kowace ƙwaya ta kama hanyarta,
can a tattara, ta koma damin da ka ɗaura.
Na ce, in kaza ta tsince ɗaya fa?
Ta ce, sai a ji ka kana in'ina.
Aka yi dariya, har da ni, ba don na yarda ba.
Kuɗin data kuwa, ɗari biyu duk mako,
sai an bi ni har gida nake bayarwa.

Ranar wata kasuwa mun yi dare.
Buhun albasa arba'in, awaki, mutum sha tara.
Farfela ta daki kututture, fil ya karye,
hadari ya haɗo daga gabas,
ruwa na juya mu kamar ƙwaryar da ta suɓuce wa mai wanki.
Na danna. Arzika ne, ƙasan Zamare, oba.

Shiru.

Akwai ɗan jinkirin da abin ke yi,
bai fi haɗiyar miyau ba.
A cikinsa na ga Jatau, na ga igiyar wuyansa.
Yelwa duk ta yi barci, babu mai tankawa.

Sai murya: Baba Arzika, ina jin ka, oba.
Kakale! Yaron da ya bar mu shekara shida,
yana gadin wani sito a Fatakwal.
Ashe kullum dare yakan kunna mu a wayarsa,
ba ya cewa uffan, saurare kawai,
don ya ji ana kiran sunayen gungu da bakin gida.
Shi ya yi ta buga wayar Nomau, sau tara,
har matarsa ta tashe shi da masifa.
Kafin ɗigon farko mun hango tocila
da ƙugin inji yana matsowa.

Yanzu ni ke bin mutane kuɗin data,
da littafi, da biro a bayan kunne.
Tsahara ta ce in an samu kuɗi za ta rage jinkirin nan.
Na ce ta bar mini shi.
A nan nake ajiye sunan ƙanena,
kafin a amsa, kafin muryar kowa.